Gafakar Malam Maigandi

Goggo Sa'a ta tattara katunan gayyatar nan guda hamsin, ta bubbuga gefensu a kan gwiwarta har suka daidaita, sannan ta tura su cikin gafakar. Suka shige tsaf, kamar don su aka ɗinka ta. Ta ja igiyar fatar ta ɗaure, ta ɗaga ta ji nauyin a hannunta, ta taɓe baki. Ya yi daidai. Mutanen da ba su da aiki sai ɗaukar hoto, ina za su gane bambanci?

Alƙur'anin da ya shekara sittin a cikin wannan gafaka kuwa yana kan gado, ta naɗe shi cikin farin zane mai tsabta. Rubutun hannu ne na mahaifinta, Malam Maigandi. Shekara uku ya yi yana rubuta shi a zauren gidan nan na Ƙofar Rini, takarda-takarda, babu ɗinki. Kafin ya rasu ya faɗa a gaban shaidu cewa littafin na wanda ya sauke ne a cikin zuri'arsa, saukar gaske, izu sittin a gaban malami. Ƙaninta Abdulhamid ya tsaya a izu ashirin ya bi boko da ofis, ita ce ta sauke, shi ya sa littafin ya zama nata. Ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, ga shekaru sittin da takwas, ga idanu sun fara raguwa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana cin ranta: in ta kwanta dama, hannun wa zai faɗa?

To ba dai hannun Khairiyya ba, wannan kam ta yanke. Khairiyya 'yar Abdulhamid ce, yau ake walimar saukarta, yau kuma za a kai ta gidan miji. Sauka! Goggo Sa'a ta yi tsaki har sai da kazar da ke bakin ƙofa ta matsa. Ita ce fa ta koyar da yarinyar, ta san inda ta tsaya: izu goma sha biyu, tana shekara goma sha ɗaya. Ran nan ta yi ta tuntuɓe a aya guda, Goggo ta fizge allon ta ce mata, “Kanki irin na uwarki na, ba abin da ka zama cikinai sai kwalliya.” Yarinya ta tashi ta sa takalmi, ba ta ƙara dawowa karatu ba. Yanzu an wayi gari za a yi aure, to dole a yi sauka, tunda yayi ne. A ɗinka fararen kaya, a sayo allo mai zayyana a kasuwa, amarya ta karanta Fatiha, mata su yi guɗa, a ci shinkafa a watse.

Katunan ma da Jamila, uwar amarya, ta aiko mata ta raba wa mutanen unguwa, ko ɗaya ba ta bayar ba. Ba ta ma karanta abin da aka rubuta a jiki ba. Hoton kawai ta gani, Khairiyya ta karkata kai tana murmushi, wani dogon yaro a bayanta, ta mayar ta tura ƙarƙashin gado.

Kwana uku da suka wuce ne Jamila ta zo har ɗakin nan, tana haki saboda mota ba ta shiga lungu. A bayanta akwai wata siririyar yarinya mai gilashi, riƙe da babbar waya kamar faranti.

“Adda, wagga ita ta Ihsan, ƙawar Khairiyya. Ita ka shirya muna bikin. Sana'atta ke nan, har waje ta yi karatu.”

“Shirya biki sana'a ta?” in ji Goggo. “Ikon Allah. Mu da munka yi namu ba mai shiryawa, ashe ba mu yi aure ba.”

Ihsan ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, abin da ya ƙara ba Goggo haushi, don ta so ta sami abin kushewa tun daga gaisuwa. Sai yarinyar ta fara bayani a natse. Ta ce lokacin da take karatu a Ingila, ta yi aikin ƙarshen mako a wurin wata dattijuwa Bayahudiya wadda ke taimaka wa mutanensu shirya bukukuwa, na aure da na balagar yara. Ta ce a wurinsu in yaro ya kai shekara goma sha uku, ko yarinya ta kai goma sha biyu, ana taruwa ya karanta littafinsu a gaban jama'a, alamar nauyin addini ya hau kansa. Wasu gidajen kuma kafin ya karanta, kakanni ne ke ɗauko littafin su miƙa wa iyaye, iyaye su miƙa wa yaron, hannu da hannu.

“Ke dakata,” in ji Goggo. “Mi kic ce? Yahudawa?”

“E, Goggo.”

“A birnin Sakkwato, a gidan Malam Maigandi, sai an tahi Ingila an tambayo Yahudawa yadda za mu yi walimar sauka?”

Jamila ta yi farat ta shiga. “Adda, ba ki ga hotunan ba! Har wata rumfa suka yi ma amarya da ango, mutum huɗu na riƙe da ita. Ni cewa niy yi a yi muna irinta da alkyabbar Malam. Kuma wai ango shina taka kofin gilashi shi hwashe...”

“Umma, na ce a'a,” in ji Ihsan. “Waɗannan ibadarsu ce, suna da dalilinsu, ba ado ba ne da za mu kwaso. Ni abu biyu kawai na koyo a wurin matar nan. Duk gidan da ta shiga tambaya ɗaya take fara yi: mene ne a gidan nan da ya bi ta hannun kakanni? Na biyu kuma, ba ta yarda a sa ranar biki sai yaro ya zauna ya yi karatunsa, ko zai kai shekara.”

“To su Yahudawan nasu suka yi, sun san abin da suka yi,” in ji Goggo. “Ku hwa? Kun ɗauko miƙe-miƙen, kun bar masu karatun.”

“Goggo, ai Khairiyya ta...”

“Ruhe mani baki. Ni nis san inda Khairiyya tat tsaya, tun kehin ki yi wayo.”

Ihsan ta dubi Jamila, Jamila ta dubi silin. Suka tashi ba su samu littafin da suka zo roƙo ba. Da la'asar sai ga wayar Abdulhamid, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman alfarma a asibiti. Ta taimaka, ta rufa masa asiri, an riga an buga a takardar tsarin biki cewa babbar goggon amarya ce za ta fito da littafin kaka. Idon Goggo ya sauka a kan kwalin katunan da ke leƙowa daga ƙarƙashin gado. Ta ce masa, “To. In gahwaka kuka so, za ku ga gahwaka.”

Shi ne yau ta yafa mayafinta mafi tsufa, da gangan, ta rungumi gafakar ta fito bakin titi ta tari keke napep.

Ɗakin taron yana Sama Road, sabon gini mai gilasai. Rana ta take, kwalta har tana walƙiya, amma ciki sanyi kamar firji. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa wurin kallo. Furannin roba. Kujeru an sa musu riguna, har da ɗamara. A kan dandamali an kafa wani ƙaton allo na kwali, ya fi mutum tsawo, fitilu na kewaye shi suna kyaftawa. Mata sun cika wuri, anko iri ɗaya, kowacce ta ɗaga waya tana ɗaukar kanta. Ga wata mai kwalliya tana bin Jamila da soso tana danna mata a goshi. Walimar Alƙur'ani ke nan. Goggo ta ji wani irin daɗi mai ɗaci a ranta, daɗin wanda ya zo ya tarar da abin da ya zata.

Ihsan ta taho da sauri, waya a kunne, takarda a hannu. Da ta ga gafakar sai ta tsaya cak, ta sauke wayar.

“Goggo, kin kawo shi.” Ta ɗan rusuna. “Allah shi saka da alheri. Na sa an kashe fankokin kan dandamali, an ce takardun ba a ɗinke suke ba. Na kuma gaya wa Umma ta yi alwala, duk wanda zai taɓa sai da alwala.”

“Sannu da ƙoƙari,” in ji Goggo, ta wuce.

Aka zaunar da ita a gaba, aka dire mata lemo da ruwan roba. Ba ta taɓa ba. Wata 'yar jami'a ta yi wa'azi na minti ashirin a kan haƙƙin miji, rabinsa Turanci. Goggo tana ƙirga kurakuranta na Larabci da yatsu a ƙarƙashin mayafi, ta kai bakwai ta gaji.

Sai aka shigo da amarya. Farar doguwar riga, farin mayafi, fuska ba fenti sosai, wannan kam Goggo ta lura, ta kuma ce a ranta wani sabon salon yayi ne. Khairiyya ta hau dandamali ta zauna a kan buzu, ta sunkuyar da kai.

Ihsan ta karɓi makirufo. Ta ba da tarihin Malam Maigandi a taƙaice, da shekara ukun da ya yi yana rubutu, da wasiyyarsa. Ta kira Hajiya Halimatussa'adiyya, babbar 'yarsa, ta hau. Goggo ta miƙe a hankali, ta hau matakalar nan uku, ta tsaya inda aka nuna mata, gafaka a ƙirji. Aka kira Jamila ta tsaya kusa da ita a madadin Abdulhamid, tunda taron na mata ne. Wayoyi suka tashi sama kamar an yi umarni.

“Kafin a miƙa,” in ji Ihsan, “wasiyya ta ce sai a gaban malami. Don haka muna roƙon malamar amarya ta zo ta ba da shaida. Malama Delu ta Ƙofar Dundaye.”

Goggo ta ji sunan kamar an watsa mata ruwa a baya.

Delu? Wace Delu? Ta juya. Daga can ƙarshen ɗakin wata gajeriyar tsohuwa ta taso, da sanda, da takalmin roba, tana tafiya kamar ba ta ga kowa ba. Ita ce. Tare suka yi karatu a zauren Malam Maigandi, tabarma ɗaya. Delun da duk garin nan aka sani ba ta sa albarka a saukar ƙarya. Delun da matar wani babban mutum ta taɓa kai mata 'yarta da buhunan shinkafa a bayan mota, Delu ta ce a mayar da shinkafar, yarinya ta dawo izu biyar. Ita ce yau a ɗakin furannin roba.

Malama Delu ta ƙi karɓar makirufo, sai da Ihsan ta riƙe mata a baki.

“Ni ban iya dogon zance ba,” ta ce. “Ɗiyag ga ta zo mani shekara guda da wata biyar da sunka wuce. Tac ce ta tsaya izu goma sha biyu. Nic ce to mu koma hwarko, don ban yarda da karatun da ban ji ba. Kullum bayan asuba tana ɗakina kehin ta tahi wurin aiki, ban da Alhamis da Jumu'a. Ran da tay yi zazzaɓi ma ta zo. Ta kai ƙarshe ran sha tara ga watan jiya. Nic ce a gaya ma goggonta, tac ce a'a, ita so takai goggonta ta ji da kunnenta, kak ta ji a bakin wani.” Ta juyo ta dubi Goggo Sa'a ido cikin ido. “Sa'a, ɗiyarku ta sauke. Ba ta littahin Malam.”

Guɗa ta kaure. Jamila tana kuka, kwalliyar da aka sha wahala tana gangarowa.

Goggo ta ji gafakar ta yi mata nauyi a hannu. Tana iya cewa a dakata. Tana iya cewa ta yi mantuwa, ta ɗauko wadda ba ita ba, a ba ta rabin awa ta je Ƙofar Rini ta dawo. Ta buɗe baki. Mata ɗari uku suna kallonta ta cikin wayoyinsu, Delu tana kallonta ba ta cikin komai ba. Ta ce ta ɗauko wadda ba ita ba? Gafaka nawa Malam ya bari? Delu ta san guda ce.

Girman kai ya riƙe mata harshe. Jamila ta miƙo hannu biyu, tana bismillah, Goggo ta sakar mata.

Jamila ta karɓa kamar an ba ta jariri. Matar da Goggo ta shekara talatin tana cewa ba ta san komai ba sai leshi, ga ta nan ta yi alwala, tana ɗauke da katunan da ita da kanta ta buga. Ta durƙusa ta ɗora a cinyar 'yarta.

“Yanzu amarya za ta buɗe,” in ji Ihsan, “ta karanta mana daga rubutun kakanta.”

Wannan kuma ba wanda ya gaya wa Goggo. Ko an gaya mata, tana tsakiyar tsaki ba ta ji ba.

Khairiyya ta kwance igiyar a hankali. Ta ɗaga murfin fatar. Goggo tana tsaye a kanta, ta ga abin da ta gani: gefen kati mai ruwan zinariya, da rabin fuskar amarya tana murmushi. Yarinyar ba ta motsa ba. Ta ɗan ja na farko da ɗan yatsa, ta ga na biyu, ta ga na uku. Ihsan da ke gefe ta leƙo, ta gani, ta yi sauri ta matsa ta tare tsakanin amarya da mai ɗaukar bidiyo.

Khairiyya ta mayar da murfin, ta ɗaure igiyar kamar yadda ta same ta, ta rungume gafakar. Ta jawo makirufo.

“Da ka zan karanta,” ta ce.

Ta rufe ido ta fara. Ba irin karatun kaset na 'yan zamani ba, karatun zaure ne, mai nauyi, mai tafiya a hankali, yadda Delu ta karɓa a bakin Malam Maigandi. Inda yake jan numfashi nan take ja. Ta gama Fatiha ta shiga Baƙara, ta wuce ayoyi biyar ɗin da ake tsayawa a kansu ranar sauka, ta ci gaba, shafi guda, shafi biyu. Hawaye na zuba ta ƙasan idanunta a rufe, muryar ba ta karye ba ko sau ɗaya. Wayoyi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta kasa kunne tana neman kuskure, don abin da ta iya ke nan, kuma wallahi da ta samu da ta ji sauƙi. Ba ta samu ba.

Da aka shafa addu'a, tsarin Ihsan ya ce amarya ta durƙusa gaban babbar goggo ta karɓi nasiha a kunne, tsakaninsu su biyu. Aka kawo wa Goggo kujera. Khairiyya ta durƙusa, ta kawo kanta kusa, ƙamshin lalle da turaren wuta.

Goggo ta sunkuyo ta raɗa mata: “Shina gida. Kan gado. Gobe da sahe in kawo maki da hannuna.”

“Ba wanda zai ji a bakina, Goggo,” in ji Khairiyya, a hankali, ba fushi a muryar, abin da ya fi fushin ciwo. “Ihsan ma ba za ta faɗa ba.”

“Na ce gobe in kawo maki.”

“Ki bar shi. Na karɓi abin da kika ga ya dace da ni.”

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ƙawaye suka kewaye ta. Mai hoto ya durƙusa gaban Goggo yana cewa, “Hajiya, ɗan murmushi.” Malama Delu ta zo wucewa da sandarta, ta dafa kafaɗarta ta ce, “Yau kam Malam ya huta cikin kabarinai, Sa'a. Kin sauke amana.” Goggo ta ce amin.

Ba ta tsaya cin abinci ba, ba ta kuma bi 'yan kai amarya ba. Ta ce ƙafa ke damunta.

Washegari tun da hantsi ta yi wanka, ta sake alwala, ta ɗauko mayafinta na fita kunya wanda ke ƙasan akwati. Ta ɗauki littafin a cikin farin zanensa, ta ƙara naɗe shi da sabon turmin atamfa don kada takardun su zame, tunda yanzu ba shi da gafaka. Ta yanke a ranta ko yarinyar ta ƙi karɓa, za ta ajiye mata a bakin ƙofa ta zauna a wurin har sai an ɗauka. Ta kulle ɗaki, ta ratsa lungu, ta wuce masu gaishe ta ba ta tsaya ba, ta fito bakin titin Ƙofar Rini ta ɗaga hannu.

Mai keke ya ci burki a gabanta. “Hajiya, ina za a kai ki?”

Ta buɗe baki, ta tsaya. Gidan Khairiyya. Wace unguwa? Ba ta tambaya ba. Gidan wa za ta ce? Ta lalubi sunan angon a kanta, ta sake lalubawa, babu. An rubuta shi da ruwan zinariya a jikin katin, sau hamsin.

“Hajiya?” in ji mai keken.

Ta ƙara ƙanƙame littafin a ƙirjinta.

“Dakata, ɗana,” ta ce. “Bari in tambaya.”